Abin da Na Goge a Kwamfutar Baffanki

Goron Dutse,
Birnin Kano.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina fata wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, kin warware gajiyar hanya, kin kuma tarar da Baffanki Kabiru da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sa kin shiga garin a sa'a, ya tsare fitarki da shigarki, ya haɗa ki da abokan arziki.

Na cusa takardar a aljihun jakar laftof ɗinki, ƙarƙashin caja, don na san halinki. Kafin ki buɗe akwatin kaya sai kin fara neman soket. Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda jiya-jiya kika baro shi, kuma Mamanki ta riga ta cika miki kunne da nata faɗan na ƙawaye da salla a kan lokaci. Duk abin da ta faɗa ki riƙe, ta fi ni gaskiya. Ni nawa a kan kwamfuta ne, don ita na sani, kuma da ita na yi ɓarnar da ta fi kowace damuna a rayuwata.

Kin tafi karanta ilimin kwamfuta, kuma gidan da za ki zauna gidan mutumin da na cuta da wannan ilimin ne. Kin tashi kina ganin yadda nake gaisawa da yayana: a tsaitsaye, hannu ya taɓa hannu, ya iyali, ya aiki, kowa ya kama gabansa. Alhali uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a kan tabarma ɗaya muka yi ƙuruciya. Kina aji shida kin tambaye ni dalili, na ce miki maganar manya ce. To yanzu kin girma, kuma gara ki ji daga bakin mai laifin.

Abin ya soma ne a shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula. Lokacin ina koyar da lissafi da safe, da yamma kuma ina ɗan shagona na Ƙofar Ruwa, ina buga wa mutane takardu, ina gyaran kwamfutocin gwanjo da aka fara shigowa da su. Duk garin tsarin sarrafa kwamfuta ɗaya ake amfani da shi, wanda nake kira tsarin kamfani, kuma kusan dukanmu daga faifan sata muke ɗora shi. Sai wani abokin aikina ya dawo daga Legas da wata mujalla mai faifai manne a bangonta. Ya ce shi bai gane kansa ba, in gwada. Wani tsari ne a ciki mai suna Linux.

Sati biyu ina fama kafin allon ya nuna mini wani abu ban da baƙin fili da farin rubutu. Amma da na fahimci cewa mutane ne suka haɗu suka gina wannan abu, suka bar cikinsa a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara, kowa ya kwafa ya ba maƙwabcinsa ba tare da ya zama ɓarawo ba, sai na ji kamar an ba ni makullin ɗakin da na daɗe ina leƙe ta taga. Wata tsohuwar kwamfuta da na jingine a lungu na fid da rai da ita ta tashi tana aiki. Ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo daga ofis zuwa ofis ba su ko kalle ta ba. Har gobe ina nan a kan bakana, tsari ne mai kyau, kuma duk wanda ke son sanin yadda kwamfuta ke aiki daga ciki ya kamata ya zauna da shi. Ba shi da laifi a abin da zan gaya miki. Laifin nawa ne, kuma kashi-kashi ya zo.

Na farko baki ne. Na zama mai wa'azin da ba a gayyata ba. A majalisarmu ta ƙofar gida bayan la'asar, mutane na ta muhawara a kan sabon gwamna da kansiloli, wa zai gyara kwata, wa zai kawo famfo, ni kuwa sai in jira a ɗan numfasa in ce ai 'yancin gaske shi ne mutum ya mallaki abin da ke cikin kwamfutarsa. Mutanen da rabinsu ba su taɓa riƙe maus ba. Har suna suka laƙaba mini, Malam Linux, ni kuma ina ta jin daɗi, ban san dariya ake yi mini ba. Da na sami mutum uku huɗu masu irin ra'ayina a kafen intanet, maimakon mu haɗa kai sai muka rabu gida biyu a kan wane samfurin Linux ya fi wane. Akwai wanda muka yi azumi guda ba ma gaisawa da shi saboda wannan. Samfuran biyu da muka yi faɗa a kansu, yau ni da shi babu mai amfani da ko ɗaya.

Za ki tarar da irinmu a ajinku, na tabbata, masu manna sitika a murfin laftof suna raina duk wanda bai iya baƙin allon rubuta umarni ba. Kada ki shiga ɓangaren kowa. Ki koyi duka, na kamfani da na kyauta, ki san inda kowanne ya fi ƙarfi da inda yake ɗingishi. In an tambaye ki ra'ayi ki faɗa sau ɗaya, ki koma kan aikinki.

Baffanki a lokacin yana sashensa a nan cikin gida, yana aiki a sakatariya, yana da kwamfutar da ya saya da guminsa. Shi kaɗai ne ba ya yi mini dariya. Yakan saurara har in gama, sai ya ce, "Na ji, Habibu. Amma ni tawa tana yi mini abin da nake so. Ka bar mini ita yadda take." Ya faɗa mini haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Kuskure na biyu Mamanki ce ta sha shi. Lokacin jarrabawar zangon ƙarshe ne, ita ce mai fitar da tambayoyin Hausa na 'yan aji biyar a makarantarsu, kuma a kwamfutar gida take bugawa. Wata Alhamis na sauke tsarin da ta saba da shi na ɗora nawa, ban ko shawarce ta ba, wai zan ba ta mamaki. Mamakin kuwa ta sha shi. Firinta ta ƙi motsi. Da na lallaɓa ta ta motsa bayan kwana biyu, duk inda harafi mai lanƙwasa yake sai ya fito ɗan akwati. Ina durƙushe a ƙarƙashin tebur ina karanta mata dalili, wai masu ƙera firintar ne suka ɓoye sirrinta, wai ba daga wajenmu ba ne, sai na ga ta ɗauki mayafinta da takardun da ta rubuta da hannu.

"Malam," ta ce, "ni ba 'yanci nake nema ba. Takarda nake so ta fito kafin Litinin."

Ta shiga tasi har Ƙofar Ɗan Agundi. Matar mai shagon buga takardu, a shagon wani aka buga mata. Sati guda ina cin abinci ba mai ce mini a ƙara.

Don haka kafin ki ba mutum shawarar kwamfuta ko manhaja, ki tambaye shi me yake so ya yi da ita, ki kuma saurari amsar har ƙarshe. Wanda ya zo da takardar da zai miƙa gobe ba ɗalibinki ba ne, aikinsa yake so ya fito. Kuma duk sabon tsarin da za ki ɗora, ki fara gwada shi da firintar mutum da modem ɗinsa kafin ki cika baki. Rabin baƙar maganar da na sha a wannan sana'a a kan waɗannan biyun na sha ta.

Na uku son a gani ne. Da na tashi haɗa wa kaina sabuwar kwamfuta, sai na zaɓi akwati mai shuɗayen fitilu da fanka uku da manyan sifikoki, don duk wanda ya shigo shago ya tsaya kallo. Sitabilaiza kuwa na ce sai wata mai zuwa. Ba a yi sati uku ba aka kawo wuta da ƙarfi, na ji ɗan ƙas, sai ƙaurin roba. Cikinta ya ƙone ƙurmus, fitilun dai suna ta haskawa abinsu.

A ƙasar nan abin da ke tsakanin soket da kwamfuta shi ake fara saya. Bayansa ki ƙara mata ram, don shi ke sa ta saurin aiki, ba kyan murfi ba. Laftof ɗin da ke hannunki ta hannu ce, na sani, kuma na ga irin kallon da kika yi wa ta ƙawarki mai sheƙi. Na zaɓe ta ne don batirinta na riƙe wuta, maɓallanta ba sa maƙalewa, kuma in wani abu ya lalace akwai kayan gyaranta a kowane gari. Kada ki ɗora ta a kan katifa tana aiki, ta ƙasa take shan iska. Kada kuma ki bar kowa ya soka miki filas ba ki bincika ba, ko da malaminki ne.

Duk waɗannan an yafe mini su, wasu ma sun zama abin tsokana a gida. Saura wanda ba a dariya a kansa.

Kin san sunan Inna kika ci, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanki na yanka. Amma ba na jin kin riƙe muryarta, don kina 'yar shekara shida ta rasu. Tun kafin a haife ki, Baffanki ya yi shekara huɗu yana karatu a Masar. Inna ba ta yi boko ba, kuma ba ta yarda wani ya rubuta mata wasiƙa ba, ta ce mai rubutu rage magana yake yi. Sai ta bi hanyar da matan cikin gari ke bi a lokacin. A sayo kaset, a ajiye rikoda a kan tabarma, ta zauna ta yi ta magana kamar yana gabanta, in an sami matafiyi a ba shi ya kai. Ni ne mai danna mata jan maɓalli, ina kwalejin horon malamai a lokacin. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta kafin a fara, kamar zai gan ta. Ta gaya masa wa ya haihu, wa ya rasu, ta koya masa yadda zai kaɗa kukar da ta aika masa kada ta yi gudaji, ta yi masa faɗan rashin aiko da hoto. Wani lokaci ta manta ana ɗauka ta juya ta kori kaji. Ƙarshen kowane kaset addu'a ce doguwa da sunansa a ciki. Kaset tara ya dawo da su a cikin gwangwanin biskit.

Bayan rasuwarta, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu taru a sashensa ya kunna ɗaya. Ana nan sai rikodar ta soma cin zare. Ranar da ta tauna na huɗu har muka sa biro muka naɗe shi, na ce masa, "Yaya, zamanin kaset ya wuce. Ka ba ni in juye maka su a kwamfuta. Abin da ya shiga kwamfuta ba ya tsufa." Ya miƙo mini gwangwanin. Aikin kam na yi shi da kyau. Na ja waya daga rikoda zuwa kwamfutarsa, kaset ɗaya bayan ɗaya, na rage shuu ɗin da ke ciki, na sa wa kowanne lamba. Da ya ji muryarta ta fito tas daga sifika sai da ya share ido da gefen rigarsa.

Kaset ɗin kuwa na tafi da su shago, wai zan ƙara gyara na huɗun. Na tura gwangwanin saman kanta na manta da shi. Damina ta zo, kwanon shagon na yoyo daidai wurin, murfin kuma bai rufu sosai ba. Ban lura ba sai bayan an yi girbi. Da na buɗe, ruwa ya kwanta a ciki ya yi tsatsa, zaren ya manne ya yi fumfuna. Na ce a raina ba komai, ai suna cikin kwamfuta. Na zubar, ban gaya wa kowa ba. Ina da na'urar rubuta faifai a shagon nan, rabin awa ya ishe ni in yi kwafi in ajiye. Kullum sai in ce gobe.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Baffanki zai tafi ta'aziyya Dawakin Tofa, ya ba ni makullin ɗakinsa ya ce firintarsa na cin takarda, in duba masa. Firinta kawai ya ce. Minti goma na gama da ita. Sai na zauna ina kallon kwamfutar, ga faifan Linux a aljihuna, don a lokacin ba na rabuwa da shi. Na ce bari in ɗora masa a gefe, ba zan taɓa tsarinsa ba, in ya dawo ya ga biyun ya gwada, daga nan zai gane gaskiyata.

Kwamfutarsa rumbun ajiya biyu gare ta, abin da muke kira had-dis. Na farko shi ke ɗauke da tsarinsa da takardun ofis. Na biyu ni na sa masa shi, kuma a sanina fanko ne. Abin da na manta shi ne, watanni kafin nan da na farkon ya cika, ni da hannuna na kwashe muryar Inna na mayar kan na biyun. Duba cikinsa ba zai ɗauke ni minti ɗaya ba, amma ban duba ba, don na tabbata. Allon ya yi mini gargaɗi da manyan haruffa cewa duk abin da ke kan wannan rumbu zai goge, ya tambaye ni ko na amince. Na karanta, Ummi, ba zan ce ban gani ba. Na amsa masa ina murmushi. Don in burge Baffanki ma, duk manhajar da ke cikin faifan na ce a ɗora, rumbun ya cika taf.

Da ya dawo ya kunna ya ga an ba shi zaɓi biyu, sai ya ɓata rai. Ya ce, "Ba na ce ka bar mini ita ba?" Na ce, "Ko ƙwayar zarra ban taɓa naka ba, Yaya." Ya shiga tsarinsa ya ga takardunsa na nan, ya ƙyale ni.

Ranar Juma'a muka taru kamar kullum, ke ma kina nan a gefen Mamanki kina shan rake. Ya kunna, ya nemi rumbu na biyu, babu shi. Ya ce, "Habibu, zo ka duba, ban ga Inna ba." Haka ya faɗa. Kafin hannuna ya kai kan maus na tuna.

Ga wurin da nake so ki karanta sau biyu. Goge muryar kuskure ne, kuma na san halin yayana, da ya yafe. Abin da na faɗa bayan nan shi ne laifin. A gaban mata da yara, maimakon in durƙusa, sai malamin kwamfutar da ke cikina ya miƙe tsaye. Na ce, "Ai Yaya, abu mai muhimmanci irin wannan ba a barinsa wuri ɗaya. Da ka yi kwafi."

Ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, kin san shi.

"Kwafin ai yana wurinka," ya ce. "Je ka ɗauko mini kaset ɗina."

Dole na gaya masa zancen yoyon kwano, da cewa na zubar tun watanni. Sannan ya kashe kwamfutar yadda ake kashewa, bai fizge waya ba, ya lulluɓe ta da ƙyallenta, ya ce, "Allah ya ji ƙan Inna." Muka ce amin. Ya sa takalmi ya fita. Daga ranar ba a sake taron Juma'a a gidan nan ba.

Washegari na aika a roƙar mini rumbun, ya ce a ba ni, ba shi da sauran amfani da shi. Na yi wata biyu ina tonon sa da duk dabarar da na sani, har Legas na kai shi wurin masu ceto irin wannan. Suka ce da gogewa kawai na yi da an samu, amma manhajojin da na jibga sun hau kai sun danne. Daga awa tara na magana, abin da aka ciro daƙiƙa shida ne, farkon kaset na bakwai. Ana jin ƙarar maɓalli, da carar zakara daga nesa, sai ta yi gyaran murya ta ce, "Habibu, ya fara ɗauka? To matsa can, da yayanka zan yi magana." Nan ya yanke.

Ban taɓa kai masa ba. Kunya ta hana ni. Ta yaya zan miƙa masa abin da sunana ne kaɗai ya rage a ciki, ya kuma tsaya daidai inda za ta juyo gare shi? Na yi wa guntun muryar kwafi a wuri uku, kin ga na koyi darasin bayan ya daina amfani, ina kunnawa ni kaɗai a shago in ba kowa. Shekara na zagayowa Baffanki ya nemi canjin wurin aiki ya koma Zariya. Na aika masa sabon rumbu, ya dawo mini da shi da godiya. Na aika da wata kwamfuta sukutum wai ta yara, ita ma ta dawo. Komai na aika ban da kalmar da ya kamata in je in faɗa da bakina. Da dattawan gida suka so shiga tsakani, ya ce musu ai ba faɗa muka yi ba. Gaskiya ya faɗa, kuma yau shekara takwas ke nan.

Da sunanki ya fito a jami'a, Mamanki ta tsare ni sai na kira shi. Ina ta kewaye-kewaye a waya, ya katse ni ya ce, "Ummi 'yata ce, ɗakinta na nan." Ya tambayi fannin da aka ba ki, na ce kwamfuta. Ya ce Allah ya sa albarka.

To 'yata, kwamfutar mutum ɗakinsa ce. In ya ba ki makulli ya ce firinta, firinta za ki gyara ki fito, ko da kin hango abin da kike ganin kin fi shi sani a kai. Kafin ki taɓa rumbun kowa ki buɗe ki duba da idonki, ki kwashe abin da ke ciki, ki gwada kwafin ki ga yana buɗewa. Duk abin da ba a iya sake yin sa, hoto ne, murya ce, rubutun hannu ne, ki ajiye shi wuri uku, ɗaya a wani gida dabam, kuma kada ki taɓa zubar da na asali don an ce zamaninsa ya wuce. In allo ya tambaye ki ko kin tabbata, ki ɗauke hannu ki sake dubawa, musamman ranar da kike jin babu wanda ya kai ki iyawa. Wata rana kuma za ki yi ɓarna, don babu mai wannan aiki da ba ya yi. Ranar, maganarki ta farko ta zama "ni na yi, ka yafe mini." Bayani ya jira sai an tambaye ki.

Laftof ɗinki ban ɗora mata komai nawa ba. Tsarin kamfani ne a kai, na halal mai lasisi. Kwana uku tana kan teburina hannuna na ƙaiƙayi, ba zan ɓoye miki ba. Faifan Linux na cikin ambulan a aljihun gaba. In kin so ki gwada, ki fara kwashe kayanki tukuna, kuma zan yi murna ki kira ni in kin maƙale. In ba ki so ba ki ba wani, ba zan tambaya ba. A gidan Baffanki kuwa, in kwamfutarsa ta yi gardama ya kira ki, ki yi abin da ya ce. In bai kira ki ba, ki yi kamar ba ki gani ba.

Saura abu ɗaya. Na ce muku aikin makaranta ne ya hana ni raka ki. Ƙarya na yi, babu wani aiki. Tsoron zama a falonsa nake, mu gama gaisuwa a yi shiru. Da na zo rubuta miki cewa mai ɓarna ya fara da neman gafara, sai alƙalamin ya yi mini nauyi, don ina ba ki shawarar da ni ban bi ba. Kada ki roƙar mini shi, kada ki nuna masa wannan takarda, wannan ba kayanki ba ne. Ki gaya masa kawai ina nan zuwa Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci.

Zan zo da faifan muryar Inna. Zan durƙusa in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun kina shan rake a ɗakinsa, sannan in miƙa masa. In ya ce a kunna, a kunna. In ya ce in ajiye in tafi, zan ajiye in tafi. Nasa ne, da shi ta zauna za ta yi magana, ni cewa ta yi in matsa.

Allah ya tsare mini ke, ya buɗa miki karatu, ya sa iliminki ya amfani mutane kada ya cuce su. Ya raba ki da sharrin hanya da na mutum, ya dawo mana da ke lafiya. Ya ji ƙan Inna ya haskaka kabarinta. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Yaya.

Wassalam.

Babanki,
Habibu